Wa Ya Kwana A Fuluto Har Ya Ƙirga Mana Tsawon Kwananta?

 Wannan makon na ajiye abin da na shirya, saboda wata tambaya da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta aiko daga Gwale. Ta ce malaminsu ya gaya musu kwana ɗaya a duniyar Fuluto ya fi kwana shida namu, ita kuma abin bai shige ta ba. Ga yadda ta rubuta: "Yaya, wa ya je can ya kwana har ya ƙirga?"

Na yi dariya da na karanta, amma gaskiya tambayar ta fi ƙarfin dariya. Ba wanda ya je. Kuma an san amsar tun 1955, shekara sittin cur kafin wani kumbo ya isa wurin. Abin da aka yi amfani da shi ɗigon haske ne guda ɗaya tak, da agogo, da littafin rubutu, sai haƙuri mai yawa.

Mu fara da nisan. Fuluto, wadda za ku ga an rubuta Pluto a littattafan Turanci, wani matashi ne Ba'amurke mai shekara 24, Clyde Tombaugh, ya gano ta a watan Fabrairu na 1930. Faɗinta kilomita 2,377 ne, ba ta ma kai watanmu ba. Hasken rana kan iso mana cikin minti takwas da 'yan kai, amma kafin ya kai Fuluto a inda take yanzu sai ya yi kusan awa biyar. Na zauna na lissafa girmanta a ido, sai na ga daidai yake da a ce ka hau Dutsen Dala, wani kuma ya ɗaga maka lemon zaƙi guda a Zariya, a ce ka gaya mana ko bawonsa da tabo. Haskenta kuwa ya gaza na tauraro mafi dushewa da ido ke iya gani fiye da sau dubu. Saboda haka shekara da shekaru, ko a manyan madubin hangen nesa, ɗigo kawai ake gani.

To amma ɗigo ma yana magana, in ka iya sauraro.

Ku ɗauki ƙwarya sabuwa, ku shafa wa gefe ɗaya baƙin tukunya, ku rataye ta da zare a soro da dare, ku haska ta da tocila, ku murza zaren. Wanda ya tsaya can nesa ba zai ga ƙwarya ba, ba zai ga baƙin tukunya ba. Amma zai ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa, yana ƙaruwa yana raguwa. In yana da agogo, zai gaya muku sakan nawa ƙwaryar ke yi kafin ta juyo, kuma zai rantse cewa gefe ɗaya ya fi ɗaya duhu. Fuluto ba ta da hasken kanta, na rana take mayarwa, kuma jikinta dabbare-dabbare ne. Abin da Merle Walker da Robert Hardie suka yi ke nan. Sun sa wa madubin hangen nesa wata na'ura mai mayar da haske ya zama lantarki, suka riƙa auna ɗigon dare bayan dare. Suka ga yana canzawa da kamar kashi 10 cikin 100, kuma canjin yana maimaita kansa duk bayan kwana 6.39, wato kwana 6 da awa 9 da 'yan mintuna. Malaminku ya yi gaskiya, ƙanwata.

Akwai wata dabara a nan da nake so ku riƙe, domin ita ce ta fi burge ni. Mai awon taurari ba ya samun kowane dare. Yau hadari, gobe farin wata ya cika sama, jibi wani ne ke da layin amfani da madubin. Awonsa a warwatse yake. To ta yaya zai fitar da kwana 6.39? Ku ɗauka wani direba yana wucewa ta Wudil jefi-jefi, yau ya bi, sai bayan kwana uku, sai bayan kwana goma sha ɗaya, kullum yana rubuta kwanan wata da yawan cunkoson da ya tarar. Bayan shekara guda sai ya jera rubutun nasa gida-gida. In ya yi gida biyar, ba abin da zai fito sai hargitsi. In ya yi gida shida, haka. Ran da ya gwada gida bakwai, sai duk ranakun cunkoso su taru a gida ɗaya: Juma'a, ranar kasuwa. Haka masana ke yi, su yi ta gwada tsawon zagaye iri-iri har su sami wanda awo ya kwanta a kansa lafiya. A da da hannu ake yi, yanzu kwamfuta ke gwada dubbai kafin ka sha ruwa.

Sai aka shiga 1978. Ran 22 ga Yuni, wani ma'aikacin cibiyar nazarin taurari ta sojan ruwan Amurka, James Christy, yana duba hotunan Fuluto, ya ga ɗigon ba zagayayye ba ne, yana da ɗan ƙulu a gefe. An riga an yi wa hotunan alamar cewa ba su da kyau. Shi kuwa ya lura taurarin da ke kewaye duk zagayayyu ne, Fuluto ce kaɗai mai ƙulu, alhali da laifin madubi ne da duk sun karkace tare. Ya tono tsofaffin hotuna, ya ga ƙulun yana zagayawa, yau yana arewa, bayan 'yan kwanaki yana kudu. Kwana nawa yake ɗauka? Kwana 6.39. Lambar da Walker da Hardie suka rubuta shekara 23 baya ita ce ta zo ta ba shi shaida. Wata ne, aka sa masa suna Charon, Christy kuma yana furta shi Sharon, saboda ya yi kama da sunan matarsa.

Ku lura da abin mamakin. Fuluto tana juyawa cikin kwana 6.39, Sharon yana zagaya ta cikin kwana 6.39, shi ma yana juyawa a kansa cikin kwana 6.39. Kamar 'yan kokawa biyu da suka riƙe juna suna zagaya fili, kowa fuskarsa na kallon ta ɗan'uwansa. Watanmu ma fuska ɗaya yake nuna mana kullum, shi ya sa tabon da kakanninmu suka gani shi muke gani. Amma mu duniyarmu ba ta tsaya masa ba, yana fitowa yana faɗuwa. A Fuluto kuwa, mutumin da ke gefe ɗaya zai ga Sharon a kafe wuri guda a sama har abada, na ɗaya gefen kuma ba zai taɓa ganinsa ba. Wani lokaci nakan yi tunanin yadda kwamitin duban wata zai kasance a irin wannan wuri.

Samun watan ya ba da damar auna nauyin Fuluto, domin saurin zagayen wata da nisansa su ke nuna ƙarfin abin da ke jan sa. Da ana zaton ta kusa kai duniyarmu nauyi. Da aka lissafa, sai ga shi sai an tara irinta kusan 500 kafin su yi duniyarmu ɗaya.

Daga nan sai sa'a ta shigo. Fuluto tana shekara 248 kafin ta zagaya rana, kuma sau biyu kacal a cikin wannan dogon zagaye hanyar Sharon ke daidaita da idonmu, yadda zai riƙa gittawa ta gabanta, sannan ya ɓuya a bayanta. Sau ɗaya ke nan a shekara 124. Lokacin ya faɗo daga 1985 zuwa 1990, shekara bakwai bayan gano shi. Da Christy ya yarda cewa hotunan nan lalatattu ne ya mayar da su akwati, wataƙila da sai bayan shekara ta 2100 za a sake samun damar. A watan Fabrairu na 1985 Richard Binzel, wanda a lokacin ɗalibi ne mai neman digirin digirgir a jihar Texas, ya auna raguwar hasken a sarari.

Husufi ne, irin wanda muka sani, illa dai ba a ganin mai rufewa da wanda aka rufe. Ɗigo ɗaya ne yake ɗan dushewa na 'yan awoyi ya dawo. Ga lissafin a sauƙaƙe, 'yan ajin kimiyya ku ɗauko biro. Tsakanin Fuluto da Sharon kilomita 19,600 ne. Da'irar da yake bi ita ce 2 × 22/7 × 19,600, wato kilomita 123,200. Kwana 6.39 kuma awa 153 ne. Raba su, za ka sami gudun kusan kilomita 805 a awa. To in ka ga daga fara raguwar haske zuwa inda ya gama sauka an yi awa ɗaya da rabi, ka san Sharon ya shige gaba ɗaya ke nan, faɗinsa 805 × 1.5, wajen kilomita 1,200. Ainihin faɗinsa 1,212 ne, ya ɗan ɗara tafiyar mota daga Kano zuwa Legas. In kuma husufin duka ya ɗauki awa huɗu da rabi, to 805 × 4.5 shi ne faɗin su biyun a haɗe, ka cire na Sharon, saura na Fuluto. Na gaskiyar ya fi haka sarƙaƙiya, domin akwai inuwa, kuma ba kullum yake bi ta tsakiya ba. Amma ƙashin bayan lissafin shi ne gudu sau lokaci, abin da aka koya muku tun aji ɗaya.

Ba su tsaya nan ba. In Sharon ya rufe farin wuri, haske ya faɗi sosai. In ya rufe baƙin wuri, kaɗan zai ragu. Da yake kowace shekara layin da yake bi yana ɗan gusawa, sai masana irin su Marc Buie suka harhaɗa awon suka zana taswirar fuskar Fuluto, dishi-dishi, kamar hoton da ruwa ya taɓa. In kuma Sharon ya ɓuya a baya, hasken Fuluto ne zalla ya rage. Ka cire shi daga na su biyun, ka sami na Sharon. Ta haka aka gane a 1987 cewa fuskar Sharon ƙanƙarar ruwa ce, alhali a ta Fuluto an riga an san akwai ƙanƙarar iskar methane. Ran 14 ga Yuli, 2015, kumbon New Horizons ya wuce ta gefensu bayan tafiyar shekara tara da rabi, ya aiko da hoton nan mai farin fili kamar zanen zuciya, ga wani dogon baƙin yanki a gefensa. Farin gefen ƙwarya da baƙin tukunya ke nan, waɗanda aka yi shekara sittin ana auna su ba a gani.

Kada ku ɗauka kullum awo yana fitowa daidai. Akwai wata duniyar can gaba, Eris, wadda Mike Brown da abokan aikinsa biyu suka gano a 2005. Kusan girmanta ɗaya da Fuluto, kuma ita ce ta jawo taron masana taurari na duniya a birnin Prague, a watan Agusta na 2006, ya sauke Fuluto daga jerin manyan duniyoyi, ya sa su biyun a rukunin da za mu iya kira wadannin duniyoyi. Haske yana awa 13 kafin ya zo mana daga Eris. Tana da wata mai suna Dysnomia, mai zagaya ta cikin kwana 15.8. A 2008 aka wallafa cewa da alama Eris tana juyawa cikin kusan awa 26, lambar ta shiga littattafai ta zauna. Sai a 2023 ƙungiyoyi biyu, ɗaya daga ƙasar Hungary, ɗaya daga Amurka, suka tara awon shekaru masu yawa suka nuna cewa juyawarta kwana 15.8 ce, daidai da zagayen watanta. Ita ma 'yar kokawa ce. Canjin haskenta kamar kashi 3 cikin 100 ne kawai, shi ya sa ta wahalar.

Koma wa direbanmu na Wudil ka ga irin tarkon. In duk bayan kwana takwas yake wucewa, yau Juma'a, na gaba Asabar, na gaba Lahadi, sai ya yi kwana 56 kafin ya sake cin karo da kasuwa. Zai zo ya ce kasuwar Wudil duk kwana 56 take ci, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya rubuta. Mai awo daga wuri ɗaya a doron ƙasa da dare kawai yake gani, kusan lokaci ɗaya kullum, don haka duk amsar da ta fito kusa da awa 24 sai an sa mata ido sosai.

Ni ma na taɓa shiga nawa tarkon, bari in tona wa kaina asiri. Fuluto ta fi ƙarfin ido, amma akwai tauraro mai irin wannan husufi da ake gani daga saman soron gidanmu a nan cikin birni. Sunansa Algol, daga Larabci Ra'asul Gul. Taurari biyu ne ke zagaya juna, duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 mai duhun ya gitta gaban mai hasken, sai haske ya ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, abin ya ɗauki wajen awa goma daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya fara auna wannan zagaye, John Goodricke na ƙasar Ingila, kurma ne, kuma shekararsa 18 a 1783 lokacin da ya bayyana sakamakonsa. Da ido ya yi.

Hutun Disamban bara na ce ni ma sai na gani. Dare na huɗu, bayan sallar isha'i an ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, na hau sama da bargo. Na duba, Algol ya dushe. Na rubuta lokaci hannuna na rawa, na sauko na tashi ƙanena daga barci don ya shaida. Yaron ya ɗaga kai yana hamma, ya ce, "Yaya, ai duk sun dushe." Na sake dubawa. Ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar ake ganin ta. Hazo ne ya sauko. Kunya ta kama ni, har na kai hannu zan yage shafin. Na dai bar shi, na rubuta "hazo" a gefe. Sai bayan mako biyu na kama na gaskiya, kuma abin da ya tabbatar mini shi ne maƙwabtansa suna nan garau, shi kaɗai ya yi laushi.

Dokar aikin ke nan, daga saman soro har zuwa manyan cibiyoyi: ba a auna tauraro shi kaɗai, sai an gwada shi da na kusa da shi waɗanda ba sa canzawa. Ita ce kuma ta ceci Christy. Ina faɗin haka ne don na san abin da ake yi a ɗakin gwaji idan WAEC da NECO sun matso. Ɗigo ɗaya ya kauce daga layi a giraf, sai a sa abin gogewa a jawo shi, ko a leƙa na maƙwabci a kwafa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. A ganina wannan ɗabi'a ta fi rashin kayan aiki yi mana illa, domin wanda ya saba gyara lamba don ta dace da littafi, ran da ya ga ƙulu a jikin ɗigo gogewa zai yi.

In wani ya ce muku wannan aikin Turawa ne kawai, ku ba shi labarin Senegal. Kafin New Horizons ya isa wani ɗan ƙaramin dutse mai suna Arrokoth, can bayan Fuluto, sai da aka buƙaci sanin inda yake daidai. An lissafa cewa ran 4 ga Agusta, 2018, zai gitta gaban wani tauraro, inuwarsa kuma za ta bi ta Senegal. Marc Buie ɗin nan da muka ambata ya zo da tawaga, suka haɗu da masanan ƙasar, aka baza ƙananan madubin hangen nesa a karkara, tsakiyar damina, ana jiran tauraro ya ƙifta na wajen sakan guda. Hadari ya hana mafi yawansu, amma an samu waɗanda suka kama. Kumbon ya wuce Arrokoth lafiya ran 1 ga Janairu, 2019. Maram Kaire, ɗan Senegal da ya yi ruwa ya yi tsaki a aikin, ya jagoranci irinsa daga baya, kuma a 2021 aka sa wa wani dutsen sararin sama sunansa. Inuwa irin wannan ba ta neman biza, inda ta ga dama take bi. Manyanmu suna ba da labarin ran 29 ga Maris, 2006, da inuwar wata ta ratso arewacin ƙasar nan ta shiga Nijar, gari ya yi duhu da hantsi. Ni lokacin ana goyo na. Wata rana inuwar wani dutse za ta bi ta kan Kano, ina so a ce akwai wanda ya iya riƙe agogo.

Ga aikin gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Algol yana sama sosai da farkon dare, ta ɓangaren arewa. Ku nemo Kaza da 'Ya'yanta, ku miƙe hannu, ku auna kamar taƙi ɗaya zuwa arewa, yana wajen. In akwai waya a gida, manhajar Stellarium za ta nuna muku shi da sunansa. Ku nemi maƙwabtansa biyu, Mirfak wanda ya ɗan fi shi haske, da Almach wanda suke kusan kunnen doki in yana cikin lafiyarsa. Ku zauna a duhu minti goma tukuna, kada ku kalli fuskar waya. Sannan ku rubuta kwanan wata, da lokaci, da ko Algol ya kai Almach, ko ya gaza kaɗan, ko ya gaza sosai, da halin da sama take ciki. Mafi yawan darare ba za ku ga canji ba, wannan ma a rubuta shi. 'Yan mata a yi daga tsakar gida ko saman soro da izinin Umma, maza kuma ban ce a tafi Dala da tsakar dare ba.

Duk wanda ya tara awon dare talatin ya aiko wa wannan shafi, har da daren hazo da daren da barci ya ci ƙarfinsa. Zan haɗa na kowa wuri ɗaya, in jera su gida-gida, mu ga ko ɗaliban Kano za su fitar da kwana 2 da awa 20 da minti 49 da kansu. Ƙanwata ta Gwale, naki nake fara jira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.